Likita, Sake Faɗi a Hankali

Mutumin da ya fara yi mana sallama da Hausa a filin jirgin Delhi shi ne mutumin da na fara ƙin jini a ƙasar Indiya. Ina tura maigidana, Baban Nana, a keken marasa lafiya, jakar garin tuwo da kuka da daddawa na rataye a kafaɗata, sai ga wani siriri mai gilashi ya tare mu da fara'a kamar tare muka tashi. Ya ce sunansa Murtala, shi ne tafintan da asibiti ya turo. Ya durƙusa ya gaida Baban Nana, sannan ya juyo wurina.

"Hajiya, an zo lahiya? Ya mutanen Kaura? Wace unguwa kuke?"

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Wa ya ce maka daga Kaura muke?"

Ya yi dariya. "Ai bakinku ya nuna. Ni ma ɗan Gurbin Bore ne, nan ƙasar Zurmi. Karatu ya kawo ni, na zauna."

Baban Nana ya ji daɗi har da miƙa masa hannu karo na biyu. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Wanda bai zauna wajenmu a shekarun nan ba, ba zai gane ba. A da in ka haɗu da ɗan gida a baƙon wuri, ka samu ɗan'uwa. Yanzu ko maƙwabcinka ba ka faɗa masa ranar da za ka kasuwar Shinkafi, balle motar da za ka shiga. Masu tare hanya su ɗauke mutane ba duba suke yi ba, na cikin gari ne ke buga musu waya. Mu kuma ga mu an sayar da babbar motar da Baban Nana ya yi shekaru yana jigilar gero da albasa da ita, mun hau jirgi don a yi masa aikin hanta, mun bar yara a gida da tsohuwarsa. Duk wanda ya ji zai ɗauka wani abu muka tara. Tun a cikin tasi na zare fasfo ɗinmu biyu daga aljihun Baban Nana, na sa su a lalita, na ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane.

Masaukin da Murtala ya kai mu wani bene ne a bayan asibiti, duk majinyata ne daga ƙasashe daban-daban. Ɗaki ɗaya muka samu, kicin kuwa na kowa da kowa ne. Nan na haɗu da Agnes, wata katafariyar mata 'yar Uganda da ke jinyar ɗanta mai ciwon ƙoda. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka ta leƙo tukunyata tana yamutsa hanci tana surutu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai ce mata "yes, yes", na kwashe daddawata na kai ɗaki na ɓoye. Ban yarda da ita ba, ban yarda da mai shara ba, ban yarda da mai sayar da tumatir da ke kaɗa kai gefe da gefe ba, don ban san ko ya amince ko ya ƙi ba. Da la'asar nakan hau saman benen in tsaya ina kallon motoci. Kewar gida ta dame ni ƙwarai. Har ƙarar injin niƙan unguwarmu da nake zagi kullum sai da na yi marmarinta.

Turancina dai ga shi nan. Na gama firamare, na taɓa sakandare kaɗan a Kaura, ina karanta allon kanti, in an yi magana a hankali ina tsintar abin da aka ce. Amma mutanen can ba sa numfashi in suna magana. Baban Nana ya fi ni, don ya yi shekaru yana sauke kaya a Legas da Anacha, yana da turancinsa na tasha. Sai dai tun da ciwo ya ci ƙarfinsa ya rage magana da kowane yare.

Aka yi ta ɗibar jini, aka yi ta sa shi a na'ura. Da sakamako ya fito aka kira mu wurin babbar likita, wata dattijuwa mai furfura a gaban goshi. Ta kunna hoton cikinsa a bango, ta ɗauki biro tana nuna nan, tana nuna can, tana magana ba tsayawa. Ta daɗe tana yi. Ta dubi Baban Nana, ta dube ni, ta rage murya, ta ƙara wani bayanin. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa. Da ta gama na juya ga Murtala.

Ya gyara gilashi ya ce, "Ta ce da sauƙi, in sha Allahu. Za a ci gaba da magani."

Na ce, "Duk wannan dogon zancen shi ne da sauƙi?"

"Sauran bayanin likitoci ne, Hajiya."

"To aikin fa? Yaushe za a yi?"

"Ana dubawa."

Raina bai kwanta ba. Na daɗe ina sayar da man gyaɗa, na san dillali in ya ci wani abu a tsakani, ba ya yarda mai kaya da mai saye su haɗa ido. A masauki na riga na ji wata Bakanuwa tana cewa akwai tafintocin da ke sayar da layin aiki ga wanda ya fi ba su. Na ce a raina, to, an zo wurin.

Washegari na ce bari in nemi gaskiya da kaina. Muna asibiti wata nas ta zo canja masa ƙarin ruwa, na tambaye ta aikin da ɗan turancina. Ta zubo min magana kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Na buɗe murya irin ta kasuwa na ce, "What?" Ta tsaya cak, ta kalle ni kamar na zage ta, ta tattara kayanta ta fita. Daga ranar in ta shigo ko inda nake ba ta duba. Abin ya ƙona min rai. A gida in babba ya yi magana ba ka ji ba, "Na'am?" kake cewa, ya sake faɗa ba tare da ransa ya ɓaci ba. Ni kuma ban san na'am ɗin Turawa ba.

Ana cikin haka na kama Murtala. Na fito neman ruwan zafi a masaukinmu, na hango shi a lungun matakala ya juya baya, waya a kunne, ya yi ƙasa da murya. Na laɓe.

Yana cewa, "Awo. In sun sauka Kano a samu mota mai kyau ta ɗauko su. Zan gaya maka ranar. Amma kada a bari kowa ya sani tukuna, musamman ita."

Ranar saukarmu, da motar da za mu shiga, kuma kada kowa ya sani. Ai wannan ba ya bukatar tafinta. Na tuna hanyar Gusau zuwa Kaura, na tuna mutanen da muka sani da aka sauke daga mota aka shiga daji da su. Na koma ɗaki ban ɗebo ruwan ba.

Da yamma suka haɗu su biyu suka same ni. Baban Nana ne ya yi magana, yana jingine da filo, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa.

"Luba, likita ta ce mu koma gida. A can za a ci gaba da magani. Ki ba Murtala fasfo ya gyara muna tikiti."

Na ce, "Aikin da munka zo yi fa?"

"Ba yanzu ba."

"To ni ma fasfo ba yanzu ba."

Murtala ya ce, "Hajiya, jinkirin nan ba shi da kyau. Jirgi ba ya ɗaukar mara lafiya in jikin ya wuce wani hali."

Na ce, "Kai da ka ce da sauƙi? Mai sauƙi ne jirgi zai ƙi ɗauka? Malam Murtala, ka zaɓi ɗaya. Kuma wanda kake ba ranar saukarmu a waya, ka gaya mashi ba mu tahowa."

Ya juya ya dubi Baban Nana. Wannan kallon ya ƙara tabbatar min da zargina. Baban Nana ya ce, "Luba, ki ji tsoron Allah, bawan Allah nan taimakonmu yake." Na ce taimakon da ya raba mu da mota ya mayar da mu gida da ciwonmu, na gode. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ƙin bin maganarsa a gaban baƙo ba sai ranar. Ya juya fuskarsa bango. Na fita na zauna a kicin ina huci, lalitar na cizon ƙuguna.

Haka muka yi kwanaki. Kullum Murtala ya zo ya roƙa, kullum in ce a'a. Baban Nana ya daina cin tuwon da nake tuƙa masa, sai kunu cokali kaɗan. Ni kuma na ƙudurta ba inda za mu sai an yi aikin da aka sayar da mota dominsa.

Agnes ce ta same ni a kicin ina kuka a kan albasa, kukan da ba na albasa ba. Ta ja kujera ta zauna. Ta yi min magana, na ce "yes". Ta ɗauko gishiri ta nuna min ta yi tambaya, na ce "yes". Ta ɗauko sukari ta sake tambaya, na ce "yes". Sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Na harzuƙa zan tashi, ta riƙo hannuna. Daga nan ta rage gudu, ta riƙa ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ina jin ta sarai. Ta ce 'yar'uwa, wannan "yes" ɗin naki zai kashe ki a asibiti. Ta ce ita ma da ta zo ba ta jin turancinsu, alhali da Turanci ta yi makaranta. In ba ki ji ba, ki sa su maimaita, aikinsu ne.

Na ba ta labarin nas. Ta kama baki. Ta ce wannan kalmar ta "What" ita kaɗai kamar neman faɗa ce. Ki fara da ban haƙuri, ki sa roƙo, sannan ki nemi a sake, ki ce a hankali. Ta faɗa min: "Sorry, doctor. Please, can you say it again, slowly?"

Na gwada, harshena ya harɗe a tsakiya. Ta sa na sake. Ta ce in sassauta fuska, don yadda nake haɗe gira ko da wace kalma na zo za a ɗauka rigima ce. Ta zama likita, ta ɗaura tawul a wuya, ta riƙa zubo min Turanci da gudu da gangan, ni kuma ina tare ta da jimlata. In na faɗa daidai sai ta sake a hankali. Muka yi ta yi har shinkafarta ta kama. Na tambaye ta in an sake ban ji ba fa? Ta ce ki sake roƙo, ko sau nawa ne, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya maimaita magana. Da za ta tafi na ɗebo mata daddawa a takarda. Ta shinshina, ta runtse ido, ta karɓa don kada in ji kunya.

Na gwada a wurin mai tumatir, ya sake faɗa min a hankali har da murmushi. Na gwada a wurin nas ɗin nan da ta daina kula ni. Ta ɗan tsaya, ta dube ni, ta maimaita lokacin shan magani tana nuna agogo. Na ce lallai abin yana ci.

Ranar Juma'a aka kwantar da Baban Nana za a zuƙe masa ruwan ciki. Murtala ya tafi masallaci. Na gyara lulluɓi na je ƙofar babbar likita na zauna a benci. Mai tsaron ƙofa ya yi ta yi min bayani da hannu cewa ba ranarmu ba ce, na yi kamar ban gani ba. Da mutum na ƙarshe ya fito na kutsa kai.

Likitar ta gane ni. Ta dubi bayana tana neman tafinta, na girgiza kai. Na ce mata mijina, aiki, yaushe. Ta ajiye biro, ta fara magana, kuma kamar kullum ta ɗauki gudu. Na bari ta kai aya. Na sassauta fuska yadda Agnes ta koya min.

"Sorry, doctor. Please, can you say it again, slowly?"

Ta kalle ni. Ta tambaye ni, a hankali, ba a gaya min ba? Na ce an ce da sauƙi. Ta tashi daga bayan teburinta, ta jawo kujera kusa da ni, ta zauna har gwiwarmu na taɓa juna. Ta ɗauko farar takarda ta zana hanta. Ta ɗiga baƙi a ciki, ta ɗiga wani, ta ɗiga wani, sannan ta fita daga cikin hantar ta riƙa ɗigawa a gefe. Ta ce ciwon ya bazu. Ta ce ba aiki. In an yanka shi ba zai tashi daga kan tebur ba. Ta ce maganin da suke ba shi na rage zafi ne kawai. Ta ce ki kai shi gida wurin 'ya'yansa, cikin makon nan, don in an ƙara jinkiri ba za ta iya sa hannu a bar shi ya hau jirgi ba.

Babu kalmar da ta wuce ni. Na ji duka, tas. Amma bakina ya buɗe da kansa.

"Please, can you say it again?"

Ta san na ji. Ta kama hannuwana biyu, ta sake faɗa daga farko, ba ta rage komai ba, ba ta canja komai ba. Ina ta jira ko a karo na biyu wata kalma za ta fito daban. Da ta kai ƙarshe ta ƙara abu ɗaya. Ta ce mijinki ya sani tun ranar farko, shi ya roƙa a bar shi ya gaya miki da kansa.

A bakin matakala na ci karo da Murtala ya dawo daga masallaci, dardumarsa a hammata. Yana ganin fuskata da takardar da ke hannuna ya tsaya.

Na ce, "Da wa kake waya rannan?"

Ya ce, "Da Yaya Mudi, wan Alhaji maigidanki, na Shinkafi. Alhaji ne ya ba ni lambarshi." Ya sunkuyar da kai. "Ya ce ba a gaya ma mace irin wanga labari a ƙasar da ba ta da mai riƙe ta. Ya ce a bari ku isa gida, Yaya Mudi ya tara manya, ga innarki kusa, sannan a hwaɗa maki yadda aka saba. Amana ya ba ni, Hajiya. Kullum kina zagina ina son in yi magana, in na dube shi sai ya girgiza kai."

Haushi ya kama ni, na su duka, har da Yaya Mudi da ke can Shinkafi yana shirya min zaman da ban roƙa ba. Na ce, "Da kun kashe shi a nan da amanarku." Ya ce haka ne. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na juya baya na kwance lalitar, na miƙa masa fasfo biyu, sun yi laushi da zufa. Na ce jirgin farko da ya samu. Ya karɓa da hannu biyu ya sauka da gudu.

Na tarar an gama zuƙe ruwan, Baban Nana na kwance, cikin ya ɗan sauka. Na zauna a bakin gado na gyara masa bargo. Ya dubi ƙuguna inda kullin lalitar yake tasowa, ya ga babu. Ya dubi idona.

Can ya ce, "Ina kinka je?"

"Wurin likita."

"Ke kaɗai? Da wane Turancin?"

"Da nawa."

Ya ɗan yi murmushi, irin wanda yake yi in na ci shi gardama. Sannan murmushin ya tafi. Ya ce, "To, mi ta ce?"

Na riga na shirya faɗa tun daga matakala. Na shirya in tambaye shi yaushe na zama yarinyar da za a ɓoye wa magana, ni da na haifa masa biyar na binne ɗaya. Amma na ga yadda yake jiran amsata, yana riƙe da gefen bargo kamar wanda za a karanta wa hukunci. Wannan abu ɗaya ne ya rage masa da zai iya yi min, ya kai ni gida kafin in ji.

Na ce, "Ta ce da sauƙi. Ta ce mu tahi gida."

Ya lumshe ido, ya saki bargon. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Agnes ta raka mu har bakin tasi, ta rungume ni har sai da na ji ƙashina. Yaya Mudi da kansa ya zo Kano da mota mai kyau, muka bi ta Gusau da rana tsaka, ba abin da ya same mu. Baban Nana ya ga 'ya'yansa, ya ga tsohuwarsa, ya sha furar gidansu. Ranar Alhamis yakan sa a fitar da shi ƙofar gida ya ga manyan motoci na wucewa kasuwar Shinkafi, direbobi na danna masa ham.

Kwana kaɗan da isowarmu Yaya Mudi ya tara manya a ɗakin tsohuwa, aka kira innata ta zauna kusa da ni. Ya yi gyaran murya, ya yi salati, ya kewaya ya kewaya, sannan ya gaya min abin da likita ta ce. Baban Nana na ɗakinsa, ƙofa a buɗe, na san yana saurare. Na bari Yaya Mudi ya kai ƙarshe, ban katse shi ba, ban ce ya sake ba. Sannan na faɗa jikin innata na yi kukan da na riƙe tun daga Delhi, da ƙarfi, yadda zai ji ya san an gaya min a gida.